DAGA RKTV ZUWA 4K: ME YA SA SABON TALABIJIN BA YA NUNA GARAU A GIDA?

Jama'a, tun da aka shiga kakar ƙwallon nan nake ganin ƙorafi iri ɗaya yana yawo a nan Facebook da zaurukan WhatsApp. Mutum ya yi adashe, ko ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata ta ofis, ya sayo talabijin na bango mai inci 50 ko 55, a jikin kwalin an rubuta 4K da manyan baƙaƙe. Ya kawo gida, ya kira mai haɗawa ya kafa, sai ya ga hoton bai kama ƙafar abin da ya gani a shago ba. Fuskar mai karanta labarai ta baje kamar an taka ta, ciyawar filin wasa ta koma kamar an shafa fenti, lambar rigar ɗan wasa sai an ƙura ido. Daga nan sai zargi ya tashi, wai an sayar masa da jabu. Jabu kam akwai shi a kasuwa, babu mai musu. Amma sau da yawa akwatin lafiyarsa lau. Abin da ake ɗura masa ne bai kai ba, kuma dalilin hakan tsohon labari ne da ya girmi yawancinmu. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Hoton talabijin tun asalinsa layuka ne ake jerawa daga sama zuwa ƙasa, da saurin da ido ba ya iya rabewa. Yawan layukan shi ne kyan hoton. Da John Logie Baird ya nuna na'urarsa a Landan a watan Janairun 1926, layi 30 kacal hotonsa yake da shi, da ƙyar ake gane fuskar mutum. Bayan shekara goma, ranar 2 ga Nuwamba 1936, BBC ta fara watsa shirye-shirye daga Alexandra Palace, kuma tsarin kamfanin Marconi-EMI mai layi 405 shi ya yi nasara a kan na Baird. Abin dariya, wannan layi 405 ɗin shi suka kira hoto mai tsananin kyau, da irin sunan da muke taƙaitawa HD a yau. Kowane zamani da nasa HD ɗin. Amurka ta tsaya a kan layi 525 a 1941. Faransa, da yake ba ta son bin bayan kowa, ta ɗauki 819 ta yi shekaru da shi. Yawancin Turai kuma suka taru a kan 625, kuma shi muka gada. A cikin layi 625 ɗin nan, 576 ne kawai ke ɗauke da hoton da ake gani, sauran na daidaita na'ura ne. Ku riƙe wannan lamba ta 576, domin har gobe ita ce ke mulki a falon gidajenmu.

Talabijin ya shigo Najeriya ta hanyar gasar jihohi uku na wancan lokaci. Awolowo ya buɗe WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, Gabas ta buɗe tata a Enugu a 1960, gwamnatin Sardauna kuma ta kafa kamfanin BCNN, wanda ya fara watsa RKTV daga Kaduna a watan Maris na 1962. Cikin Turawan da aka yi haɗin gwiwa da su a Kaduna akwai Granada da EMI, wato dai EMI ɗin da aka ambata a labarin BBC. Baƙi da fari ne, awoyi kaɗan ne da yamma, kuma masu akwatin a lokacin ana iya ƙirga su: manyan ma'aikata, Turawa, 'yan kasuwar kanti, sai fadar sarki.

Kala ta zo ne daga Jos. Gidan talabijin na jihar Benuwai da Filato shi ya fara watsa hoto mai kala a ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1970, kafin Legas ma. Tsarin kalar da muka ɗauka shi ne PAL, wanda Bajamushe Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya ƙirƙira, Jamus ta Yamma da Ingila suka fara aiki da shi a 1967. Lokacin ya zo daidai da abubuwa biyu. Na farko kuɗin Udoji. Da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas a farkon 1975, iyayenmu ma'aikata suka faɗa kantuna, aka yi ta kwasar rediyo mai garmaho da babur da firji da talabijin. Wanda ya tashi a kwatas ɗin ma'aikata ya san irin akwatin nan mai ƙafa huɗu da ƙofar katako, wanda maigida ke kullewa da makulli ya tafi ofis. Na biyu kuma FESTAC a 1977, shekarar da gwamnatin soja ta fitar da dokar da ta tattara dukkan tashoshin nan ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda muka sani da NTA. Da siyasa ta dawo a 1979, jihohin da ba na NPN ba suka ga ba su da murya a tashar tarayya, suka fara gina nasu. Haka Abubakar Rimi ya kafa CTV 67 a Kano a farkon shekarun 1980, wadda yanzu take ɗauke da sunansa, ARTV.

Mutanen bakin iyaka, Daura da Jibiya da Illela da Maigatari, sun ga wani abin da 'yan birni ba su gani ba. Nijar ta daɗe da talabijin, tun 1964 aka fara amfani da shi wajen koyar da yara a makarantu da taimakon Faransa, daga baya aka samu Télé Sahel. Amma Nijar tsarin kalar Faransa ta bi, wato SECAM. Sai ya zama in ka kamo tashar Nijar da akwatin da PAL kaɗai ya sani, kalar ɓacewa take yi. Shi ya sa a wancan zamani in an ce talabijin ko bidiyo mai karɓar kowane tsari ne, kuɗinsa daban yake. Alhazai ma da suke dawowa da kaset daga Saudiyya sun sha cin karo da irin wannan matsala. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma Faransa da Jamus sun raba mana kala.

A wannan layi 576 muka kalli Samanja Mazan Fama da Karkuzu da Kuliya Manta Sabo da wasannin Kasimu Yero, a shi muka kalli Cock Crow at Dawn, a shi muka ga Najeriya ta ci kofin Afirka a Legas a 1980 da zinaren Atlanta a 1996. Ba wanda ya ce hoton bai yi ba. Dalili kuwa akwatin inci 14 ne ko 21, muna zaune nesa da shi a tabarma, kuma tsohon talabijin mai ƙaton baya yana da wata baiwa: haskensa yana narkar da layukan su haɗe da juna, sai aibin hoton ya ɓuya. Matsalarmu a lokacin eriya ce. A tura yaro ya hau ya juya gorar, na ciki suna ihu, ya yi, a'a koma baya, tsaya nan.

Mu muna juya eriya, Japan tana wani aikin. Tun bayan wasannin Olamfik na Tokyo a 1964 injiniyoyin NHK suka fara binciken irin hoton da zai cika idon ɗan Adam, suka fito da tsari mai layi 1125 da suka kira Hi-Vision. Sun fara gwajin watsa shi ta tauraron ɗan adam awa ɗaya a rana a 1989, sannan suka ƙara zuwa awa takwas daga ranar 25 ga Nuwamba 1991. Da gangan suka zaɓi ranar, wata na 11 rana ta 25, don ta yi daidai da 1125. Turai ta ji tsoron kada Japan ta cinye kasuwar, ta zuba kuɗi a nata tsarin mai layi 1250, HD-MAC, aka gwada shi a Olamfik na Barcelona a 1992, shekara ta zagayo aka watsar da shi. Abin da ya kashe tsarin biyun duka shi ne analog ne, suna cin fili mai yawa a iska. A 1990 wani kamfanin Amurka, General Instrument, ya nuna cewa ana iya mayar da hoton lambobi, a matse shi, a tura shi ta faɗin tasha guda. Nan wasa ya canza. Amurka ta amince da tsarinta na dijital a ƙarshen 1996, aka fara watsawa a 1998. Su ma fa ba dare ɗaya suka gama ba, sai a watan Yunin 2009 suka kashe manyan tashoshin analog, Ingila kuma ta kammala a 2012.

A cikin wannan tafiya ne siffar akwatin ma ta canza. Tsohon hoto faɗinsa huɗu ne, tsayinsa uku, kusan murabba'i. Sabon kuwa 16 ne a kan 9, shawarar da wani injiniya Ba'amurke, Kerns Powers, ya kawo a 1984 don a sami siffar da za ta ɗauki fim ɗin silima da shirin talabijin ba tare da an yanke da yawa ba. To ka ga asalin bajajjen kan da ake gani. Shiri an ɗauke shi a 4:3, talabijin ɗinka 16:9 ne, sai na'ura ta ja hoton ta gefe da gefe don ya cika bango. Mu kuma ba ma son ganin baƙi a gefe, gani muke an ci mana kuɗi. Wallahi na sha shiga gidaje na tarar an shekara ana kallon mutane gajeru masu faɗi, har idon 'yan gidan ya saba, in ka gyara musu sai su ce ka ɓata.

Yanzu ga lissafin da mai shago ba zai yi maka ba. Sabon talabijin ba ya zana layi, ɗigo-ɗigo ne a jere, kuma adadinsu ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Hoto na gama-gari, wanda ake kira SD, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720. Cikakken HD 1920 ne sau 1080, ɗigo miliyan biyu da 'yan kai, ninki biyar ke nan. 4K kuwa 3840 ne sau 2160, ya haura miliyan takwas, ninki ashirin cif na SD. Ma'ana, in ka kunna tashar SD a talabijin na 4K, cikin kowane ɗigo ashirin da kake gani ɗaya ne ya zo daga tasha, goma sha tara ɗin akwatin ne ya ƙirƙiro da hasashe. Akwatin kirki yana da ƙwaƙwalwar da ta iya hasashen, mai araha kuma shafe hoton kawai yake yi. Wannan ƙwaƙwalwar tana cikin abin da ke raba farashin akwati biyu masu inci ɗaya, ko da dukkansu an rubuta musu 4K. Kamar ka ɗauki hoton fasfo ne ka ce a buga maka shi girman allon talla na bakin titi. A shago kuwa, abin da ake nuna maka bidiyo ne na musamman daga filashi, furanni da tsuntsaye da ruwa, wanda aka ɗauka don ya sayar da akwatin. Ba NTA ake kunna maka ba.

Mu Hausawa ma muna da ƙarin namu tarihin a nan. Finafinanmu na bidiyo sun fara ne a kan kaset na VHS, ana lissafa Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 a matsayin na farko a Kano. VHS tun asali bai kai ingancin abin da tasha ke watsawa ba, balle an kwafa daga kwafi. Da faifai ya zo kuma, kasuwarmu ba DVD ta runguma ba, VCD ta runguma, saboda arha da injinan Chana da suka cika gari. VCD ɗigo 352 ne sau 288, wato dubu ɗari da ɗaya da 'yan kai. In ka saka shi a 4K, ɗigo ɗaya ake shimfiɗawa a gurbin sama da tamanin. Da yawa daga finafinan zamanin Sangaya da Wasila da ake gani a YouTube yau daga irin waɗannan faifan Ƙofar Wambai aka kwaso su, aka sake matse su. Babu talabijin a duniya da zai gyara wannan. Sai da Arewa24 ta zo a 2014, sannan masu shirya finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka koma YouTube, aka fara samun abin Hausa da yawa da aka ɗauka da kyamarar HD kuma yake iya isowa gida a haka.

Ta ɓangaren tauraron ɗan adam, dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Manyan dish irin na da, masu kama da kwandon ƙarfe a kan rufi, su suka kawo mana CNN da tashoshin Larabawa. DStv ta fara a 1995, amma sai a 2008, lokacin Olamfik na Beijing, ta fitar da tashar HD ta farko. StarTimes ta shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv ta biyo a 2011. Dijital ne dukkansu, amma dijital daban, HD daban, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa. Kamfani yana da fili ƙayyadadde a tauraro ko a iska. Zai iya zuba tashoshin HD kaɗan, ko ya matse tashoshin SD masu yawa a gurbin. Da yake yawan tasha ake tallatawa, kun san wanda zai zaɓa. In an matse hoto da yawa, mai karanta labarai a zaune zai fito ba laifi, amma da an buga ƙwallo kyamara ta juya da sauri sai ka ga hoton ya farfashe gida-gida.

Sai babban labarin, wanda a matsayina na ma'aikacin gwamnati ya fi ci mini rai. A 2006 aka yi taro a Geneva ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka sa hannu cewa za a bar analog a koma dijital kafin 17 ga Yuni 2015. Najeriya ta ce ita ma ba za ta jira ba, ta sa wa kanta Yunin 2012. Ya wuce. Na 2015 ya zo ya wuce. Aka ce Yunin 2017, shi ma ya wuce. An yi gwajin farko a Jos ranar 30 ga Afrilu 2016, aka yi Abuja a ƙarshen shekarar, Ilorin da Kaduna a Disambar 2017, Enugu da Osogbo a farkon 2018. Daga nan aka yi shiru na shekara uku, kafin a ƙaddamar a Legas a watan Afrilun 2021, Kano kuma a Nuwamba. Kuɗi ma an nema, don a 2015 an sayar wa MTN wani yanki na zangon 700MHz a kan kusan naira biliyan 34 da sunan wannan aiki. Amma shekara goma bayan wa'adin Geneva ba a kashe analog a faɗin ƙasar ba. A ganina ba fasaha ce ta gagara ba, tsarin DVB-T2 da muka zaɓa yana aiki a ƙasashe da yawa. Aiki ne da ke bukatar a bi shi shekara bayan shekara da kasafi tabbatacce, mu kuma mun fi ƙwarewa a bikin ƙaddamarwa. Kowane sabon shugaban hukuma ya zo sai ya sake kwamiti. Su kuma tashoshin jihohi, da yawansu albashi ma da ƙyar, ina maganar sauya kyamarori da na'urar watsawa. Sakamakon shi ne talaka ya riga gwamnatinsa shiga zamanin HD. Akwatin yana bango, abin da zai ciyar da shi babu. Kuma abin takaici, sababbin talabijin sun fi tsofaffi muni wajen nuna analog, don duk yayyafin da tsohon ke ɓoyewa shi fito da shi yake yi ɓaro-ɓaro.

To duk da haka akwai abin da ke hannun mai gida, kuma yawancinsa ba ya cin ko sisi.

Fara da waya. Wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ta zamanin bidiyo ce. Rawayar ita kaɗai ke ɗauke da hoto, kuma ba za ta taɓa wuce 576 ba ko da dikodarka HD ce, ko da kana biyan kuɗin tsari mafi tsada. HDMI, wadda aka fitar da ƙa'idarta a ƙarshen 2002, ita ke ɗaukar HD. Sau da yawa mai haɗawa yana amfani da wadda ya tarar a kwali ne ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Leƙa bayan akwatinka yau ka gani. Kuma kada wani ya sayar maka da HDMI mai tsada wai mai ruwan zinare ta fi fitar da kala. Lambobi take ɗauka, in dai lafiyayya ce kuma ba doguwa can ba, hoton ɗaya ne. Bayan waya sai ita dikodar: in tsohuwa ce da ba ta san HD ba, sai an canza ta. In HD ce, shiga saitinta ka tabbatar abin da take fitarwa 1080 ne, domin wasu a 576 ake barin su. Sannan ka duba ko tashar da kake kallo tana da ta HD a wata lamba daban.

Sai saitin shi kansa akwatin. Daga masana'anta ana saita shi ne don ya yi gasa da 'yan uwansa a ƙarƙashin fitilun shago, haske har ƙarshe, kala kamar ta zuba. Sunan wannan yanayi Vivid ko Dynamic. Mayar da shi Movie ko Cinema, ko Filmmaker Mode in naka yana da shi, wanda masu shirya finafinai da kamfanoni suka fito da shi a 2019. Ranar farko za ka ga kamar hoton ya yi ja-ja ya dushe. Ba shi kwana uku. Idonka ne ya saba da shuɗin haske, bayan nan za ka ga fatar mutum ta dawo irin ta mutane, musamman mu baƙaƙe da wancan saitin ke mayar da mu kamar an shafa mana manja. Sharpness kuma yaudara ce, ba ya ƙara komai, farin zane yake yi wa gefen abubuwa, a kan tashar SD ma aibin yake ƙara fitarwa. Rage shi sosai. Akwai kuma abin da ke ƙirƙiro hotuna a tsakanin na ainihi don motsi ya yi santsi. Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Fim ana ɗaukarsa hoto 24 a daƙiƙa, in aka cusa masa na ƙarya sai ya koma kamar bidiyon biki. Abin ya dami 'yan fim har Tom Cruise ya fito a wani ɗan bidiyo a 2018 yana roƙon mutane su kashe shi. A ƙwallo wasu suna son sa, wannan kuma ra'ayi ne. Hasken baya, wato Backlight, shi za ka riƙa ɗagawa da rana ka rage da dare. Masu sola da inbata su lura, shi ne ya fi cin wuta a akwatin, rage shi na ƙara wa batir awanni.

Wurin kafawa ma muna kuskure a kai. Mun ɗauki talabijin kamar hoton Ka'aba ko agogon bango, sai a kai shi can kusa da silin. Tsakiyarsa ya kamata ya yi daidai da idon wanda ke zaune, kuma kada ya fuskanci taga. Nisa kuma yana da lissafi. A akwati mai inci 55, ido mai lafiya yana ganin cikakken amfanin 1080 ne daga kamar mita biyu, na 4K kuwa sai ka matso kusan mita ɗaya. Falon da kujera take mita huɗu daga bango, bambancin 4K da 1080 ba zai ganu ba. Don haka wanda zai saya yanzu, in dai dikoda zai riƙa kallo, gara ya sayi mai 1080 na kamfanin kirki da ya sayi 4K marar asali. A lura kuma da masu inci 32 da aka rubuta wa HD Ready, yawancinsu 1366 ne sau 768, ba su kai cikakken HD ba. In ka je shago, ce a cire filashin a kunna maka tashar gida. In mai shagon ya ƙi, ka fahimci wani abu.

4K na gaskiya a yau kusan ta intanet kaɗai yake zuwa mana, kuma nan ma aljihu ne ke magana. Ƙiyasin Netflix da kanta shi ne awa ɗaya ta HD na iya cin gigabait 3, ta 4K kuma har 7. Da kuɗin data na yanzu, fim biyu sun cinye abin da wani ke saya na wata. YouTube kuma in ya ga layinka ba ƙarfi, da kansa yake sauke hoton zuwa 360 ko 480 bai gaya maka ba, sai ka shiga ka ɗaga da hannu. Batun wuta ba sai na faɗa ba, wanda ya kashe dubban ɗaruruwa a akwati ya kasa sayen sitabilaiza ko abin kare shi daga wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi, to yana caca ne.

Tsofaffin shirye-shirye kuwa, a bar su a 4:3 ɗinsu da baƙin gefe, a ɗan ja baya, haka aka yi su. Abin da ya fi damuna game da su ma ba saiti ba ne. Samanja da Karkuzu da sauransu an ɗauke su ne a kaset na ƙwararru irin U-matic da Betacam, wanda hotonsa ya fi kwafin VHS da ke yawo a intanet nesa ba kusa ba. A wancan zamani kaset tsada gare shi, gidajen talabijin a ko'ina, har BBC, sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kai. Abin da ya tsira daga gogewa yana ajiye a ɗakunan da zafi da ƙura da damina ke ci, kuma kaset yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba. In aka kwafe su zuwa kwamfuta daga asalin kaset ɗin, za su fito da kyan da yaranmu za su iya zama su kalla a babban akwati. Amma injinan da ke karanta su an daina ƙera su, sai dai gwanjo da gyare-gyare, masu gyaran ma tsufa suke yi. Ko na VHS, wanda kaset ɗin bikin iyayenmu da finafinan Kano na farko ke kai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera shi, Funai na Japan, ya rufe layin a watan Yulin 2016.